Tsakanin Bakwai da Takwas

“A hankali! Kai, a hankali na ce, ba buhun siminti kuke saukewa ba!”

Muryar ba ta da sauran ƙarfi, amma Birki ya ji ta. Ya riƙa sassauta jak ɗin kaɗan-kaɗan har tayar baya ta taɓa ƙasa. Tela, wanda aka ɗauko daga shagonsa da tef rataye a wuya, ya janye katakon ƙarshe ya jingina shi da bango. Motar ta ɗan lotsa, ta zauna a kan ƙafafunta huɗu karo na farko cikin shekaru.

Mai ita yana zaune a bakin gareji kan kujerar roba, an lulluɓe masa gwiwoyi da bargo ko da yake rana ta ɗaga. Mai Ajiya ake ce masa a layin. Ya rame har agogonsa yana zamewa zuwa gwiwar hannu, amma idonsa na nan daram a kan fenti, yana jiran wanda zai kuskura ya jingina. 'Yarsa tana tsaye a bayansa da kofin ruwa da bai sha ba.

Dillali ya zagaya motar sau biyu yana gyaɗa kai. Mutum ne mai yawan turare da wayoyi biyu, kuma ya san aikinsa, don sai da ya cire zobe kafin ya taɓa marfin ƙofa. Ya zura kai ciki, ya haska mitar tafiya da waya ɗaya, ya ɗauki hotonta da ɗayar.

“Bakwai a ƙarshe, ko Baba?”

“Bakwai cif. Yadda ta sauko daga jirgin ruwa.”

“To haka nake so in same ta. Mai saye a kan wannan lambar ya amince. Farkon mako za a turo babbar mota ta ɗauke ta. Kafin nan, don Allah, ko tura ta kada a yi. Mutanen nan lamba suke saye, ba ƙarfe ba.”

Mai Ajiya ya yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari.

“Ni za ka gaya wa lamba?”

Da gaskiyarsa. Kafin a san shi da wannan laƙabi, mai karanta mitar ruwa ne. Duk rayuwar aikinsa a ƙafa ya yi ta, gida-gida, da tocila a aljihu da ƙugiyar ɗaga murfi a hannu, yana durƙusawa a gindin katangun mutane yana share laka daga gilashi da babban yatsa. Karnuka sun san shi, ya san su. Wata rana da Birki ya zo masa da ƙorafin cewa mitar gidansa ta tsaya a karkace, ba a gane ko uku ce ko huɗu, sai ya durƙusa ya duba, ya miƙe yana kaɗe gwiwa.

“Uku ce. A aikinmu, in lamba ta tsaya tsakani, ta ƙasa ake rubutawa. Ruwan da bai gama wucewa ba, ba a ɗora wa mutum shi.”

Shi kuwa Birki malamin koyar da tuƙi ne, kuma ba sai an tambayi inda ya samo sunan ba. Duk wanda ya taɓa zama a layin ya ji shi yana kwarara wannan kalma daga cikin tsohuwar motarsa mai jan tambari a baya. A motar tasa akwai birki na biyu a gefen mai zaman banza, wanda shi yake takawa in ɗalibi ya ruɗe. Shekaru sun sa ƙafar damarsa ta daina neman izininsa. A tasi yana takawa, a bas yana takawa, matarsa ma ta rantse cewa har a barci yana taka mata ƙauri.

Katanga ɗaya ce tsakaninsu. Ba za a ce aminai ba ne, don ba sa zuwa ko'ina tare, kuma in ka tambayi Birki me maƙwabcinsa yake so a duniya, da ba zai iya ba ka amsa ba. Motar ce ta haɗa su.

Lokacin da Mai Ajiya ya yi ritaya, matarsa ta riga ta rasu, 'yarsu ɗaya tilo tana koyarwa a wata makaranta a wani gari. Ya karɓi kuɗin sallamarsa, ya sayar da filin da ya gada, kowa ya zuba ido ya ga ɗakunan haya ko shago. Sai mutumin ya shiga zaman dannar waya, wata da watanni, da tabarau a kan hanci. Rannan da hantsi sai ga babbar mota ta sauke wata halitta a ƙofar gidansa: shuɗiya, ƙasa-ƙasa kamar ta sha duka, ƙofa biyu, fiffike a baya, salansa kuwa sai ka zura dunƙulen hannu a ciki. Mutum biyu take ɗauka, ko buhun shinkafa ba shi da wurin zama. Sitiyarinta ma a dama yake, alhali duk motocin garin a hagu.

Aka taru ana kallo. Mai wanki ya ce, “Baba, tsere za ka shiga?”

Ya yi musu bayani a tsanake, kamar mai karanta takardar sanarwa. Motar tsere ce 'yar Japan, kuma an daina ƙera irinta tuntuni. Yaran da suka taso suna ganinta a wasannin kwamfuta yanzu sun zama manya masu abin hannu, kowa yana neman ta mafarkinsa. Kullum sai an fasa ɗaya a wani wuri a duniya, saura suna ƙara daraja. Sharaɗi ɗaya ne kawai, kada lambar tafiyarta ta hau.

“To in ba za a hau ba, mene ne amfanin mota?”

“Ba mota ba ce,” in ji shi. “Ajiya ce.”

Kafin magariba sunan ya bi shi, bai kuma sake shi ba.

Aka ɗora ta a kan katakai don kada tayoyi su kwanta. Tela ya ɗinka mata riga mai laushi daga ciki. Amma inji ba ya son zaman banza, sai an riƙa tayar da shi yana ɗumi, ga shi mai ita ko keke bai taɓa tuƙawa ba. Haka aikin ya faɗo kan Birki. Duk Asabar da safe zai shigo, ya haɗa batir, ya cire takalmi, ya shimfiɗa tawul a kujera, ya murɗa makulli. Mai Ajiya kuwa yana tsaye a waje, tafin hannunsa a kan rufin motar, idonsa a rufe, har sai allurar zafi ta kai tsakiya ya ce a kashe. Bai taɓa zama a ciki ba. Ya ce fatar kujera tana riƙe shaidar duk wanda ya zauna, kuma ta Birki ma haƙuri yake yi da ita.

Da farko abin yana ci wa Birki rai ƙwarai. A ba ka irin wannan inji a ƙarƙashin ƙafa, tayoyi na lilo a iska, bango a bayanka, ai wulaƙanci ne. Ya sha cewa, “Yaya, zo in koya maka mana. A tawa, kyauta.”

“A'a. In na iya zan so, in na so zan yi.”

Daga baya Birki ya daina tayi, ya daina ma jin haushin. Ya zama masa kamar ba wa shukar maƙwabci ruwa.

Ciwon ya zo ne a hankali, ya fara da ƙin abinci. Aka yi ta zarya asibiti a tsohuwar motar Birki, har ranar da likita ya kira 'yar gefe ya ce a koma gida a riƙa ba shi abin da ransa ke so. Ta ɗauki hutu ta tare. Mai Ajiya ba yaro ba ne, ya gane karatun, shi da kansa ya nemo dillali. Duk abin da ya mallaka yana cikin garejin nan, kuma yana so ya ga an miƙa wa 'yarsa kuɗin da idonsa.

Da la'asar ranar da aka sauke motar, Birki yana wanke hannu a famfon tsakar gida, 'yar ta zo ta tsaya kusa da shi tana juya cokali a kofi.

“Kawu, ka san me ya tambaye ni jiya?”

“Me?”

“Wai kujerun motar nan masu laushi ne ko masu tauri. Ya ce in tambaye ka, amma kada in ce shi ya aiko ni.”

Birki ya ci gaba da murza sabulu. Tausayi ya kama shi, har da 'yar kunya, don shi ne ya yi shekaru yana zama a kujerar bai taɓa tunanin a faɗa ba.

“Masu tauri ne,” ya ce. “Amma suna rungumar mutum.”

“Gobe Asabar, ita ce ta ƙarshe. Ina so ya zauna a ciki, Kawu. Ko minti nawa ne. Kai ka tayar, shi yana gefe.”

“Zai yarda?”

“Zan sa shi.”

Ya yarda, amma sai da ya kafa sharuɗɗa: tawul biyu, ba takalmi, ba wanda zai shigo da kofi, kuma taya ba za ta juya ko da faɗin yatsa ba.

Da safe Birki ya ɗaga bonat ya duƙa yana ɗaure kan batir, don haka bai ga abin da ya faru ba, ji kawai ya yi. Tela ne ya ɗauko majinyacin cak a hannu, yana cewa, “Baba, ai yadin da nake ɗagawa ya fi ka nauyi.” 'Yar ta yi gaba ta buɗe ƙofar dama, gefen mai zaman banza a kowace mota da ta taɓa shiga. Ba ta saba ganin motar tsirara ba, kuma hankalinta duk yana kan kada uban ya bugi rufi da ka. Tela ya juya baya, ya durƙusa, ya zura shi a hankali har ya nutse a kujera. Sai gwiwa ta bugi wani abu.

“Wayyo! Kawu, na manta juyayya ce!”

Birki ya rufe bonat. Ta cikin gilashi ya hango maƙwabcinsa zaune a bayan sitiyari, hannuwansa a kan cinya, yana kallon gaba kamar mai jiran a ɗauke shi hoton fasfo.

“Tela, mu fito da shi mu zagaya.”

“Ku bar ni,” in ji Mai Ajiya. “Shigar ma da ƙyar, ku kuna maganar fita. Ƙashina ba na roba ba ne.”

Nan Birki ya gane. Mutumin nan ya san kowace ƙusa a jikin motar, ya san ranar da aka ƙera tayoyinta. Ba a yi ranar da zai manta inda sitiyarinta yake ba. Yana ganin 'yarsa ta nufi wannan ƙofar, ya ja bakinsa ya yi shiru.

Sai Birki ya cire takalmi, ya zagaya, ya shiga ɗaya gefen. Yana zama, aikin ya taso masa da kansa.

“Ɗaura bel.”

“Ina za mu?”

“Ba inda za mu. Doka ce. Ƙafarka tana kaiwa?”

Ba ta kaiwa. Tela ya lalubo ƙarfen ƙarƙashin kujera, aka matso da ita gaba har ƙarshe. Birki ya gyara masa madubi, ya girgiza sandar giya ya tabbatar tana firi, ya kama hannunsa ya ɗora a kan makulli.

“Murɗa. In ta kama ka saki.”

Ta kama a bugu ɗaya. Garejin ya cika da wannan gurnani da layin ya saba ji duk Asabar, amma Mai Ajiya ya zaro ido kamar bai taɓa jin sa ba.

“Ashe daga ciki a baya ake jin ta,” ya ce. “A ƙashin baya.”

“Na dama shi ne totur. Taɓa shi kaɗan, kamar kana tsoron taka wutsiyar kyanwa.”

Ya taɓa. Allura ta yi tsalle, motar ta yi haushi, Tela ya ja da baya ya bugi katakai. Mai Ajiya ya yi dariya har sai da 'yar ta zuro hannu ta taga ta shafa masa ƙirji.

Ƙofar gareji a buɗe take. Layin nasu gangare ne, ba mai tsanani ba, ya miƙe tsakanin gidaje har zuwa wata bishiya da ke bakin babban titi, inda ƙasa take daidaita. Wannan hanya ya bi da ƙafa kowace safiya ta rayuwar aikinsa. Ya daɗe yana kallonta.

“Wannan sandar fa, ta tsakaninmu?”

“Birkin hannu.”

“In aka sauke?”

“Sai ta gangara.”

“Ko ba giya?”

“Ko ba giya.”

Mai Ajiya ya sauke ido kan mita. Birki ya ga inda maganar ta dosa, kuma ya san abin da ke rataye a kan bakwai ɗin nan. Ba fili, ba kuɗin sallama, gidan ma na haya ne.

“Yaya, ka ji abin da dillali ya ce.”

“Na fi ka ji.” Ya juya wajen taga. “Uwata, taki ce fa.”

“Ba ta zama tawa ba tukuna, Baba.”

Ya ɗago hannuwansa daga cinya, ya ɗora su a kan sitiyari, ɗaya bayan ɗaya.

“To malam, sauke.”

Birki ya danna maɓallin ya sauke sandar rabi, bai saki ba. Daɓen gareji a shimfiɗe yake, sai da Tela ya sa kafaɗa. Hancin motar ya leƙa waje, rana ta faɗo kan shuɗin fenti, tayoyin gaba suka sauka daga siminti. Daga nan ba ta ƙara buƙatar kowa ba.

“Kada ka kalli bonat, kalli inda za ka. Hannu biyu. Kada ka shaƙe sitiyarin, ba guduwa zai yi ba. Dama kaɗan. Kaɗan na ce! Yawwa.”

Mai wanki ya fito da kumfa har gwiwar hannu. Mai shago ya bar ciniki a kan kanta. Mata suka leƙo ta ƙofofi, wata ta ce, “Ikon Allah, ashe tana tafiya!” Motar da aka ƙera don ta ci iska tana rarrafe a tsakiyar layi, har mai burodi ya wuce su a kan keke yana waiwaye. 'Yar tana biye a gefe, hannunta ɗaya a kan ƙofa, ɗayan riƙe da silifas ɗin ubanta.

“An wuce mu,” in ji Mai Ajiya.

“Ba komai. Ɗalibi ba ya tsere.”

Sai Mai Ajiya ya taka totur. Ba giya, don haka ko taku ɗaya ba ta ƙara ba, amma ƙarar ta daki katangu ta dawo, kaji suka watse, wani jariri ya tsala kuka a cikin gida. Ya sake takawa. Fuskarsa ba ta nuna komai ba, sai dai haɓarsa da ta ɗan ɗaga.

Bishiyar ta matso. Bayanta motoci suna wucewa fuu a babban titi.

“Birki! Na tsakiya! Birki!”

Ƙafar Birki ta daki kafet, inda babu komai. Ƙafar ɗalibin ta lalubo na tsakiya ta danna iya ƙarfinta, wanda ba shi da yawa, Birki kuwa ya ja sandar hannu a hankali. Motar ta tsaya a inuwa.

“Ni na tsayar ko kai?”

“Mu biyu.”

Ya karɓi wannan. Ya huta, yana numfashi da baki, sannan ya ce a ba shi tabarau. 'Yar ta ciro daga aljihun rigarsa ta saka masa. Ya sunkuya, ya share gilashin mita da babban yatsa ko da yake ba ƙura. Bakwai ta ɗaga sama kaɗan, kan takwas ya leƙo daga ƙasa.

“In aka tura ta da baya, za ta koma?”

“Wasu suna komawa,” in ji Birki. “Ban san wannan ba.”

“A gwada.”

Ba sai an roƙi kowa ba. Tela da mai wanki da mai shago da wasu mutum biyu da suka fito kallo suka jeru a gaban motar, kowa ya naɗe hannunsa da gefen riga saboda fenti, ba tare da an ce musu ba. Birki ya kashe inji, ya miƙa hannu ɗaya ya riƙe sitiyari yana duban baya. Hawan ya ba su wuya. Mai shago yana nishi yana cewa shi dama tun farko ɗakunan haya ya ba da shawara. Mai Ajiya bai ɗaga ido daga mita ba har tayoyin baya suka hau simintin gareji.

Ba ta koma ba. Gaba ma ta ƙara. Bakwai ta shige fiye da rabi, takwas ta fito har ƙugu.

“Ta ƙi,” in ji Birki a hankali.

“Ta ƙi.” Ya daɗe yana kallo, sannan ya gyaɗa kai irin na wanda ya gamu da ɗan'uwansa a sana'a. “Mita ce ta gaske. Ba a yi mata wayo.”

“Baba, ka bar shi, ba komai,” in ji 'yar.

“Wa ya ce da komai? Bakwai ce. Takwas ba ta zauna ba.” Ya cire tabarau ya miƙa mata. “Ku fito da ni, bayana ya gaji.”

Washegari bai iya tashi zaune ba. Birki ya leƙa da safe kafin ya fita aiki, ya same shi kwance yana kallon silin, an jiƙa masa leɓe da auduga.

“Malam, darasi na biyu me ake koyarwa?”

“Kuloci.”

“Da wuya?”

“Kowa sai ya kashe mota a kansa.”

“To sai Asabar.”

Da azahar Birki yana filin koyo da wata ɗaliba da ta kasa bambance dama da hagu, wayarsa ta yi ƙara. Matarsa ce. Ta ce 'yar ta shiga kicin ɗora ruwan zafi, ta dawo ta tarar an gama. Birki ya ce Allah ya jiƙansa, ya ce wa ɗalibar ta matsa, ya tuƙa su gida da kansa. Kafin duhu an kai shi, layin ya koma yadda yake, sai kujerun roba da aka jera a ƙofar gida.

Dillali ya zo gaisuwa, ya ce a bar maganar mota sai an natsu. Wannan jinkiri ya hana Birki sakat. Shi ne ya sauke sandar, kuma in cinikin ya wargaje ba zai iya haɗa ido da yarinyar ba. Har ya samo labarin wani makanike da ke iya mayar da lamba baya, ya zo ya faɗa mata a kaikaice. Ta dube shi kamar ya zagi mamacin.

“A taɓa mitar Baba, Kawu?”

Bai sake tayar da maganar ba.

Ranar ɗauka babbar motar ta kasa shigowa layin saboda ƙunci, ta tsaya can ƙasa wajen bishiya. Dillali ya iso da wani dogon direba. Tela ya cire wa motar riga ya ninke. Dillali ya cire zobe, ya zura kai, ya haska. Ya ciro ɗaya wayar ya duba hoto, ya sake haskawa.

“An motsa ta.”

“Mai ita ne ya tuƙa ta,” in ji 'yar. Ta damƙe rigar motar a ƙirji. “Kuma bakwai ce har yanzu. In lamba ta tsaya tsakani, ta ƙasa ake rubutawa.”

Dillali ya fito da kai yana dariya, sai ya tuna gidan da yake, ya haɗiye ta.

“Haba ƙanwata, wannan? Ko kilomita ɗari ya ƙara ba wanda zai ɗaga kai. Ni dama na faɗa ne don kada wani ya ɗauka ya je ya haɗa ta da bango. Ciniki yana nan yadda yake.”

'Yar ta juya ta shige cikin gida da rigar motar a hannu.

Direban ya buɗe ƙofar hagu, ya ga wayam, ya yi tsaki ya zagaya. Da ya zauna gwiwoyinsa suka tokari sitiyari.

“Wane guntu ne ya tuƙa wannan?”

Ya lalubi ƙarfen ya tura kujerar baya har ƙarshe, ya karkata madubi daidai idonsa. Ya ce ba sai an tayar ba, gangarawa kawai zai yi. Birki bai tambayi kowa ba, ya cire takalmi ya bar su a bakin gareji, ya shiga ɗaya gefen. Tela ya sa kafaɗa.

Wannan karon ba wanda ya fito. Tayoyi suna murƙushe tsakuwa, katangu suna wucewa, direban yana tuƙi da yatsa biyu yana duba waya. Birki ya karkata kai yana kallon mita. Ƙafar bakwai ce kawai ta rage a sama, ita ma tana shigewa kaɗan-kaɗan. Sun wuce shagon Tela, sun wuce igiyoyin mai wanki. Inuwar bishiya ta hau kan bonat, takwas ta gama fitowa ta zauna daidai a tsakiyar tagarta.

Ƙafar Birki, cikin safa, tana danne a kan kafet.